Rabin Yinin Dilva Mai Ajiyar Kaya

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta San Martino, a nan Pisa ta ƙasar Italiya, ya san Dilva Bargagna, kuma da wuya ka sami wanda bakinta bai taɓa ba. Gajeriyar tsohuwa ce mai faɗin kafaɗa, ta haura tamanin, amma har yau ita take hawa da kwandon cefanenta zuwa hawa na uku, in ka ce za ka kama mata sai ta tambaye ka ko ta yi maka kama da gawa. Faɗin kafaɗar nan ba gadonsa ta yi ba, aiki ne ya ba ta. Shekarun ƙarfinta duka a ɗakin ajiyar kaya na tashar jirgin ƙasa suka ƙare, tana karɓar akwatunan baƙi da safe tana miƙa musu da la'asar.

A bakin kantar wannan ɗaki ta koyi ƙin mutane. Jirgin safe zai zubo su daga Firenze, su dire mata kaya, su tambaye ta hanyar karkatacciyar hasumiyar nan tamu ba ko gaisuwa, su ruga. Su je su tsaya a kan ciyawa suna ɗaga hannuwa wai suna tokare ginin kada ya faɗi, a ɗauke su hoto, su ci abin da suka ƙunso daga wani gari, kafin rana ta yi sanyi sun dawo suna buga mata kanta, jirgi zai tafi ya bar su. Ba wanda ke kwana a Pisa. Mu duka mun san haka, mun saba, wasunmu ma har gode wa Allah suke yi. Dilva ce kaɗai ta ɗauki abin cin fuska, kamar ita ake yi wa. Takan bugi ƙirji ta ce daga nesa in ta hango jakar mutum ta san mai kwana ne ko mai wucewa, kuma a duk shekarun da ta yi a wurin sau ɗaya tak jaka ta ba ta kunya.

Ƙin Firenze kuwa a gida ta same shi, kamar kowane ɗan Pisa na kirki. Sai dai mu namu ya tsaya a filin ƙwallo da baƙar magana a wurin shan gahawa, ita nata ya shiga har ƙashi. Garin da jirgi ke kai ka cikin awa guda, Dilva ba ta taɓa sa ƙafa a cikinsa ba. In ta tsaya a kan gada ta ga kogin Arno ya yi ja, sai ta tofar da yawu ta ce ga dattin mutanen Firenze nan ya gangaro mana. In ta so alfahari sai ta ce kakanninmu ne suka tare musu gishiri har suka koma cin burodi lami. Tana faɗa tana tsoma irin wannan lamin burodin a miya, don mu ma shi muke ci, amma wa ya isa ya tuna mata.

Jakar da ta ba ta kunya ta wata yarinya ce 'yar Firenze mai suna Ginevra. Ta zo yawon yini kamar kowa, ta ajiye 'yar jakarta ja a wurin Dilva. Daidai lokacin Ranieri, ɗan Dilva tilo, wanda ke karatun injiniya a jami'a, ya kawo wa uwarsa abincin rana. Yarinyar ta tambayi hanyar hasumiya, shi kuma ya ce hanyarsa ce. Ba hanyarsa ba ce. Rana ta faɗi, jirgin ƙarshe ya tafi, jar jaka tana zaune a kan kanta, ba a zo ɗaukarta ba sai washegari. Wannan kaɗai ya isa laifi, amma akwai wanda ya fi shi. A Pisa ɗalibi ba ya hawa hasumiya sai ya gama karatu, in ya hau ba zai gama ba. Kowa ya san wannan, har masu cewa camfi ne ba sa bari 'ya'yansu su gwada. Ranieri ya hau, har can ƙoli, yana riƙe da hannun 'yar Firenze.

Bai gama ba kuwa. Shekara ba ta zagayo ba ya ajiye littattafai, suka yi aure, suka tafi Jamus suka buɗe shagon askirim. Sau ɗaya suka zo tare, da jaririyarsu Livia a hannu, Dilva ta yi wa surukarta wankin babban bargo a kan yadda ake naɗe jariri, tun daga ranar Ranieri shi kaɗai yake zuwa, shi ma jefi-jefi. Dilva ba ta ƙara kama sunan Ginevra ba, “waccan” take ce mata. Da ciwo ya kwantar da Ranieri daga baya har ya tafi da shi, can aka binne shi, ita kuwa ta ce ba za ta tsaya a bakin kabarin da 'yar Firenze ta zaɓa ba. Ta yi kuka, wannan ba shakka, Oriana maƙwabciyarta tana jin ta ta bango har tsawon hunturu. Amma da safe in sun haɗu a matakala sai ta ce mura ce.

Ana nan, wata Lahadi bayan an taso daga coci, wayar gidan ta yi ƙara.

“Nonna, ni ce, Livia.”

Nonna, wato kaka, mutum ɗaya ne a duniya ke kiran Dilva haka. Muryar da take ji sau ɗaya a shekara, ranar Kirsimeti, ita ce yau a tsakiyar bazara. Harshen uwarta ne a bakinta, irin lanƙwasar nan ta mutanen Firenze, amma dariyar da ke ƙarƙashin maganar ta Ranieri ce.

“Zan zo Italiya, Nonna. Karo na farko da wayona. Kwana huɗu kawai na samu tsakanin jarrabawa, amma na tsara komai.”

“To,” in ji Dilva. “Tsara mini in ji.”

“A Firenze zan sauka, can zan riƙa kwana, don daga nan ko'ina kusa ne. Ranar farko cikin gari, gidajen tarihi da babban coci. Ta biyu in je Siena in dawo. Ta uku Lucca da safe, sannan Pisa da rana, in gan ki, in ga hasumiya, in koma da yamma. Washegari sai gida.”

“Lucca da safe.”

“Eh.”

“Sannan Pisa da rana. Wato ni da mutanen Lucca za mu raba yini ɗaya.”

“Nonna, haka kowa yake yi.”

“Na san haka kowa yake yi, 'yar nan. Ni ce nake riƙe wa kowa jaka.”

Ta ajiye waya. Abin da ya yi mata ciwo a fili yake: jikarta ɗaya a duniya, ɗiyar Ranieri, ta sa ta a layi ɗaya da hasumiya, abin da ake leƙawa a wuce. Ba ta son komai a ranar nan kamar yarinyar ta kwana a gidanta, ko da dare ɗaya ne, a ɗakin ubanta, ta ji motsin mutum ta bango, da safe ta ɗora gahawar mutum biyu.

Ta tsallaka ta buga ƙofar Oriana. Oriana matar marigayi mai raba wasiƙu ce, doguwa mai son dariya, shekara hamsin suna ƙofa da ƙofa, kullum cikin faɗa, kuma kowace na riƙe da makullin gidan 'yar'uwarta.

“Tsarin banza ne, na uwarta ne,” in ji Dilva. “Ni zan sake shi. A nan za ta sauka, ga ɗaki a banza. Daga nan sai ta riƙa fita yawon yininta tana dawowa.”

“Madalla,” in ji Oriana. “Ta fita zuwa ina? Lucca?”

“Wurin waɗannan marowatan? Mutanen da suka kewaye kansu da ganuwa don kada baƙo ya ji ƙanshin girkinsu?”

“To Livorno, ta ga teku.”

“Allah ya tsare. Sai dai in warin kifi da rashin kunya ta zo koyo.”

“Siena fa?”

“Masu kai doki coci? Ai waɗannan sai addu'a.”

“Saura Firenze ke nan.”

Dilva ta watsa mata harara.

“To ke tsohuwar banza, ina kike so yarinya ta je?”

“Ta zauna mana! Mene ne babu a Pisa?”

Oriana ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta nutsu ta ce, “Dilva, ba taswira ake nema a wurinki ba. Ɗauki waya ki ce, jikata, ina so ki kwana a gidana. Shi ke nan. Ko haƙoranki na roba ba za su zube ba.”

Dilva ta ɗauki wayar kuwa, sau uku ma a makon nan. Ta gaya wa Livia otal-otal ɗin Firenze cike suke da kuɗin cizo. Ta gaya mata a can ana yanke jaka ana yi maka murmushi, abincinsu kuma nama ne da jini a jiki, ba su iya ko gasa shi ba. Ta gaya mata Siena duk hawa ne da gangara, Lucca kuma ba abin gani sai kekuna. Komai ta faɗa, ban da kalmar nan guda. Ta sha zuwa har bakinta, sai ta ji kamar roƙo ne, ita kuwa ba ta taɓa roƙon kowa ya tsaya ba, ko Ranieri ranar da ya ɗauki akwati.

A kira na uku Livia ta ce, “Nonna, ke ki zo Firenze mana. Ɗakin da na kama gado biyu ne. Mu yi yawo tare, in tura ki a keke in kin gaji.”

“Ko gawata aka saka a jirgin Firenze sai ta diro a hanya.”

Livia ta yi dariyar nan ta ubanta. “To shi ke nan. Na yanki tikitin hawa hasumiya, bayan azahar kaɗan. In ci abinci a wurinki sai in wuce.”

Dilva ta tari numfashinta. “Kin gama karatun?”

“Saura shekara guda.”

“Ba za ki hau ba.”

“Baba ya ba ni labarin camfin nan. Ya ce a rayuwarsa bai taɓa yin rana mai daɗin wannan ba.”

Wannan magana ta zauna wa Dilva a ƙirji kamar ƙullin tuwon da bai nuna ba. Amma ta san abu ɗaya da ta koya daga koke-koken baƙi: tikitin hasumiya da lokacinsa yake, in lokacin ya wuce ya wuce, ko ɗiyar wa kike. Ta kuma san ba a taɓa yin mutumin da ya tashi daga teburinta kafin ta sallame shi ba. Saboda haka ta shiga kasuwa. Ta jiƙa wake da busasshen kifi tun kwana biyu kafin ranar, ta sa mahauci ya ajiye mata zomo, ta murza taliya da hannunta har kafaɗar nan ta tuna aikinta na da. Ta kuma buɗe ɗakin Ranieri, ta shanya katifa a taga, ta ciro zannuwan gadon da ta zo da su gidan aure, waɗanda ba a taɓa kwanciya a kansu ba, ta wanke ta goge ta shimfiɗa.

Oriana ta leƙo ta ce, “A'a, ashe ta yarda za ta kwana?”

“Ɗanshi nake kora. Ki kula da gidanki.”

Ranar ta zo. Dilva ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci ta tafi tasha tun da hantsi, ta tsaya daidai inda kantarta take a da. Jirgin Firenze ya zubo mutanensa kamar kullum, masu huluna da gajerun wanduna. A cikinsu ta hango wata doguwar yarinya tana tafiya tana jefa ƙafar hagu waje, tafiyar Ranieri sak. Sannan idon Dilva ya yi abin da ya saba, ya sauka a kan kaya. 'Yar jakar goyo ce ƙarama, ba ta fi a sa burodi biyu da gorar ruwa ba. Ba akwati, ba komai. Jakar rabin yini ce, irinta ta riƙe dubbai. Wani abu da ta ɓoye ko ga kanta ya mutu a wurin, fuskarta ta koma irin ta bakin kanta.

“Nonna!” Livia ta rungume ta, ta sumbace ta kunci biyu. “Na fasa Lucca, na taho kai tsaye.”

“Kin kyauta wa aljihunki. Kin rame. Ba a ba ku abinci a can?”

A gida Livia ta nemi banɗaki ta wanke hannu, ta shiga da jakarta, ta ɗan jima. Da ta fito ta tsaya a ƙofar ɗakin ubanta, ta ga gado a shimfiɗe, ta shiga ta shafa zanen da tafin hannu.

“Ba don kowa na shimfiɗa ba,” in ji Dilva daga bayanta. “Ɗanshi nake kora. Zo ki zauna.”

Ta zaunar da ita ta ba agogon bango baya, Oriana kuma, da aka gayyato don ta taya jan zance, ta zauna a gefe. Aka fara da miyar wake da baƙin kabeji a kan burodi, da man zaitun a sama. Livia ta cinye ta ce ta ƙoshi, Dilva ta ce wannan ai buɗe ciki ne. Taliya da naman zomo ta biyo baya. Bayanta kifi da albasa mai ganye. Oriana ta kawo labarin yadda Ranieri yana yaro ya faɗa kogi garin kamun ƙwaɗi, da yadda ya taɓa sa kyanwa a jakar wasiƙun mijinta. Livia tana dariya tana share ido, tana cewa a ƙara. Ita ma ta ba su nata labarin, yadda a Firenze ta tsaya layi rabin safiya don ta ga zane ɗaya, da yadda a Siena ta ɓata ta yi ta dawowa fili ɗaya. Dilva ta ce Allah ya ƙara.

Ana cikin yanka wainar shinkafa da cakulan ƙararrawar coci ta buga. Livia ta ciro wayarta ta duba, ta dubi kakarta, ta dubi agogon da aka sa ta ba wa baya. Sai ta yi murmushi ta kife wayar a kan tebur.

“Ya wuce, Nonna. Kin ci nasara. Ba komai, hasumiyar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana shirin faɗuwa ba ta faɗi ba, za ta jira ni. Ƙaro mini wainar.”

Oriana ta taka ƙafar Dilva a ƙarƙashin tebur, wato ga ƙofa ta buɗe, faɗi maganar. Da mai hankali ne, da ya tsaya ya tambayi kansa me ya sa yarinyar da ta tsara tafiyarta daki-daki ta yi asarar tikiti tana dariya. Dilva ba ta tambaya ba. Idonta na kan 'yar jakar da ke jingine a ƙafar kujera. A lissafinta la'asar ta kusa, jirgi na jira, yarinyar nan za ta tafi kamar kowa, wataƙila ba za ta sake ganinta ba. Abin da ta tara a ciki shekara da shekaru kuwa ba ta da wanda za ta juye wa sai ita, kuma lokaci ya ƙure.

“Da an sami mai zaunar da ubanki a tebur irin haka,” ta ce, “da yanzu injiniya ne, yana raye, yana zaune a inda kike.”

“Dilva,” in ji Oriana.

“Ƙarya na yi? Waccan ta zo da 'yar jakarta ja, yini ɗaya tak, ta ja shi sama ta sauko da shi ba karatu. Ta kai shi ƙasar sanyi ta sa shi tuƙa madara har ƙarfinsa ya ƙare. Da ya mutu ma ba ta dawo mini da shi ba, ta tura shi cikin ƙasar mutanen da ko sunansa ba su iya faɗa ba.”

Livia ta ajiye cokali a hankali. “Sunanta Ginevra, Nonna. Mamata ce.”

“Na san ko wace ce.”

“Ba ki sani ba. Ita ta yi ta juya shi a gado wata da watanni, ita take ba shi abinci a baki. Sau nawa ta kira ki ta ce ki zo, za ta turo a ɗauke ki, kina jin muryarta kina ajiye waya? Shi ya ce a binne shi kusa da mu. Kuma in gaya miki gaskiya, da na fara tsara tafiyar nan ban sa Pisa a ciki ba. Mama ce ta ce in na je Italiya ban ga kakata ba, kada in dawo mata gida.”

Da wata tsohuwar ce, da nan jikinta ya yi sanyi. Dilva kuwa abin da ta ji kawai shi ne ashe ko rabin yinin ma sadakar 'yar Firenze ce.

“To ki ce mata na gode da kyauta,” ta ce. “Daɗin baki ai gadonsu ne. Ke ma ga shi jininta ya rinjaya, kin zo, kin ci, kin ga tsohuwa kamar yadda ake ganin hasumiya, saura hoto. Oriana, ɗauke mu hoto ta kai wa uwarta.”

“Nonna, ki bari haka.”

“Ga jakarki nan. Ɗauki, kada jirgi ya tafi ya bar ki.”

Maganar da ta yi shekaru tana faɗa wa baƙi ce, da irin muryar ma. Idanun Livia suka ciko amma ba ta bari sun zubo ba. Ta miƙe, ta rataya jakar a kafaɗa ɗaya, ta sunkuya ta sumbaci Oriana. A bakin ƙofa ta juyo.

“Na gode da abinci, Sinyora.”

Ba Nonna ba, Sinyora, yadda ake kiran matar da ba a sani ba. Suka ji takunta yana sauka, har ƙofar ƙasa ta rufe.

“Allah ya shirye ki, Dilva,” in ji Oriana. “Kin haura tamanin ba ki yi hankali ba, sai yaushe?”

“Da ma tafiya za ta yi. Ba ki ga jakar ba? Ni za a koya wa jaka?”

Ta tattara kwanuka tana buga su, ta wanke, ta goge tebur sau biyu, Oriana na zaune ta ƙi tafiya don ta ji daɗin ci gaba da zaginta. Da ta gama ta shiga banɗaki ta wanke ƙarnin kifi daga hannunta. Ta buɗe famfo, ta ɗaga kai. A cikin kofin gilashin da ke gaban madubi, inda buroshinta ya yi shekaru yana tsaye shi kaɗai, akwai na biyu, kore, sabo, da ɗan ƙaramin man goge baki a gefensa. A bayan ƙofa kuma, a ƙusar da take rataya tawul, wata tsohuwar rigar Ranieri ce mai gajeren hannu, wadda ta koɗe don wanki, irin wadda yara mata ke sawa su kwanta.

Ruwa na ta zuba, Dilva na tsaye. Ba ta buƙatar kowa ya fassara mata. Tun shigowar yarinyar, kafin miya, kafin komai, ta riga ta sauke kayanta. Yaran yanzu ashe a 'yar jakar nan suke ɗura kwanansu duka.

Oriana ta zo ta tsaya a bayanta ta gani. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

“Kira ta. Yanzu. Ko ki sa takalmi mu bi ta tasha.”

“Jirgin ya tafi.”

“Wani na nan tafe. Awa ɗaya ce, Dilva. Ni zan raka ki har ƙofar otal ɗin. Sai gobe za ta tashi.”

Dilva ta kashe famfo. Ta fita ta ɗauko takalminta na coci ta sa ƙafa ɗaya. Ta zauna da ɗayan a hannu, tana kallonsa, har hasken taga ya tashi daga kan tebur ya koma bango.

“Firenze,” ta ce a hankali. “Ni.”

Ta cire wanda ta sa, ta jera su a bayan ƙofa.

Oriana ta yi sati ba ta yi mata magana ba. Da Kirsimeti waya ba ta yi ƙara ba. Labari ya zo ta wajen Oriana, wadda ta iya latse-latsen nan, cewa Livia ta gama karatunta har da yabo, Dilva ta ce to wa ya hana ta hawa hasumiya, ai ita za a gode wa. Har yau tana tofa yawu a kan gada, har yau in baƙo ya tare ta da tambayar hanya takan nuna masa inda ba nan ba. Zannuwan auren suna kan gadon Ranieri, duk wata takan cire ta wanke ta mayar, rigar kuma tana ninke a ƙarƙashin matashi.

Kwanan baya mai gyaran famfo ya je gidan, ya matsar da kofin gilashin don ya sami wurin ajiye kayan aikinsa. Ya ce bai san lokacin da tsohuwar ta shigo ba, sai ji ya yi an buge masa hannu.

“Kada ka taɓa,” ta ce. “Koren na jikata ne. Ajiya ta ba ni, za ta zo ta karɓa.”